Gandun Argin na bakin tekun Muritaniya: da motarka za ka je ko da ta 'yan gari?

Baban Khalifa, Fadaman Mada:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san hanyar yamma. In Allah ya kai mu lokacin sanyi ina da niyyar kai ziyara Kaulaha, kuma tunda har na taka Senegal, raina ya kwanta a kan in ƙarasa Muritaniya in ga gandun nan na bakin teku, Argin, wato Banc d'Arguin, wanda ke tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu. Wuri ne da Sahara ta gangaro ta haɗu da Tekun Atalantika. Ba kwalta a ciki, ba otal, sai rairayi da ruwa da tsuntsaye, mutum ya kafa tanti ya kwana. Abin da ya tsaya mini shi ne, in tafi da Land Cruiser ɗina tun daga Bauchi, ko in bar ta a gida in yi haya a can? Motar lafiyarta ƙalau, ta hau Mambila ta sauko a tsakiyar damina ba ta ba ni matsala ba.

Autan Pantami:
Wa alaikumus salam. Baba, don Allah ka tafi da abarka. Ina daɗin tafiyar in kana zaune a gefe wani yana jan ka? Turawa daga ƙasashensu suke taho da motocinsu su ratsa Maroko su sauko har Dakar. Mu da muke cikin nahiyar me zai hana mu? In akwai wuri ni ma ka sa da ni, zan riƙa karɓar ka tuƙi.

Injiniya, Jekadafari:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, na yi aiki a Nuwadibu, kuma na shiga gandun, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani, sauran kuma kai ka auna.

Mu fara da hanya. In ka kalli taswira, gajeriyar hanya daga nan ita ce ta Nijar da Burkina da Mali. Kowa a zauren nan ya san halin da wannan yanki yake ciki, kuma ƙasashen uku sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Babu wanda zan ba shawarar ya bi nan da mota mai jan ido irin taka. Abin da ya rage shi ne ta gaɓar teku: Legas, Kwatano, Lome, Akara, Abijan, ka haura ta Gini ka faɗa Senegal. Kowace iyaka da takardarta, da jiranta, da abin da za ta ci maka. Sannan ita Muritaniya tun 2000 ta bar ECOWAS, saboda haka fasfonka kaɗai ba zai shigar da kai ba, sai da biza. Motar ma sai an yi mata takardar shiga ta wucin gadi, ka kuma sayi inshorarsu a bakin iyaka. Daga Senegal ta wurare biyu ake tsallake kogin da ya raba ta da Muritaniya: Roso, inda jirgin fito ke ɗaukar motoci, ko ta kan madatsar ruwa ta Diyama kusa da San Luwi, wadda ta fi sauƙin hayaniya amma hanyar burji ce, in an yi ruwa takan lalace.

Duk wannan kuɗi da haƙuri suna maganinsa. Abin da ba sa magani shi ne cikin gandun kansa. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 12,000 ne, wajen rabinsa ruwa rabinsa tudu. Babu alamar hanya da za ka dogara da ita, sawun taya ne barkatai, iska ta shafe na jiya, na yau kuma ba ka san wanda ya yi shi ba ko ya isa inda ya nufa. Mambila laka ce da hawa, ka san ta. Can rairayi ne, da fadamar gishiri, da teku mai cika da janyewa. Makaranta ce daban.

Autan Pantami:
Yallaɓai Injiniya, ai yanzu akwai taswira a waya. Ko babu sabis tana aiki in ka sauke ta tun daga gida.

Injiniya, Jekadafari:
Tana aiki, ƙanena, kuma lallai a tafi da ita. Amma taswira inda kake take nuna maka, ba ta gaya maka abin da ke ƙarƙashin tayarka. Akwai filin da suke kira sabka. Shimfiɗaɗɗe ne, fari-fari, a ido ya fi kwalta kyau, ƙafarka da kanta za ta so taka totur. Kamar kunun da ya kwana yake: sama ya yi fata, ƙasa ruwa ne tsundum. In ɓawon gishirin ya fashe, mota takan nutse har cikinta ya zauna a kan taɓo, kuma wadda ta zo ja ita ma tana iya bin ta. Filin da aka bi lafiya makon jiya, in teku ta yi babbar cika ta jiƙa shi ta ƙasa, wannan makon tarko ne. Ɗan garin yana gane wannan daga launin ƙasar. Ni na zauna a gefen irinsu na ga suna kauce wa wurin da a idona babu bambancinsa da inda muke kai.

Usta, Bakin Kura:
Salamu alaikum. Ni bakanike ne, bari in yi magana a kan ƙarfen. Alhaji, motarka na san irinta, ba ta da laifi, amma masu irinta da yawa ba su taɓa sa giyar taimako ba, wato wadda ke sa tayoyi huɗu su ja, tunda suka saya. Wani in ka ce ya sa, ba ta ma shiga, ta daskare don rashin amfani. Wannan a fara dubawa.

Na biyu, rairayi ba ƙarfin inji yake so ba, iskar taya yake so a rage. Tayar da kake hawa kwalta da ita a geji 32 ko 35, in za ka shiga rairayi mai laushi sai ka sauke ta zuwa 18, wani wurin har 15. Tayar ta baje, ta hau kan yashin maimakon ta tona shi. Amma da ka sauke, to ka manta da gudu, ka manta da karya kan mota da ƙarfi, don taya tana iya zamewa daga kan rim. Kuma dole kana da famfon iska mai aiki da batirin mota, saboda in ka fito kwalta da tayar a haka za ta yi zafi ta fashe, ga shi babu mai faci a gindin bishiya yana jiran ka.

Na uku, in ta fara kafewa ka ɗage ƙafa. Mutanenmu da sun ji mota ta tsaya sai su ƙara wuta, tayar ta yi ta haƙa wa kanta rami, kulochi ya ƙone. A sauka, a ɗauki shebur a kwashe yashin gaban kowace taya, a sa faranti ko katako a ƙarƙashi, a fita a hankali. Safaya biyu, jak mai kyau da katakon da za a ɗora shi a kai don kada ya nutse, igiyar ja mai ƙarfi, bel, fiyus, ruwan lagireto. Kuma mota ɗaya ba ta shiga irin wannan wuri ita kaɗai, ko sabuwa ce fil daga kamfani.

Ɗan Alkaleri:
Ni dai ku yi haƙuri, maganar nan tana sosa mini rai. Alhaji, kana Bauchi, Yankari tana bayan gidanka. Murabba'in kilomita 2,244, da giwaye, da ɓauna, da gwanki, da dorina a kogin Gaji, ga ruwan Wikki mai ɗumi dare da rana. Tun 1956 aka keɓe ta, aka buɗe wa jama'a a 1962. Ga Sumu a Ganjuwa, da raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya. In tuƙin daji kake so, ga Gashaka Gumti can ta Serti, wadda ta fi kowane gandu girma a Najeriya. Mutum nawa a zauren nan suka kai iyalinsu Yankari bana? Sai mu ɗebi dala mu kai wata ƙasa, namu yaran da ke aikin jagora suna zaune babu baƙo. Wallahi ba hassada nake yi ba, takaici ne.

Baban Khalifa, Fadaman Mada:
Ɗan'uwa, maganarka gaskiya ce kuma ban ji haushi ba. Yankari kam ina zuwa, yarana a Wikki suka koyi iyo. Amma ni ban taɓa kwana inda zan ji teku a kunnena babu gini ko ɗaya a kusa ba, kuma shekaru suna ja. Ba raina namu na yi ba.

Malama, Yelwa:
Assalamu alaikum. Malam Ɗan Alkaleri, ina tare da kai a kan rabin maganarka. Ni ilimin halittu nake koyarwa, kuma abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne wuraren nan ba kishiyoyin juna ba ne, kowanne da abin da yake riƙe wa duniya.

Argin ba don manyan namun daji aka keɓe shi ba. An kafa shi a 1976, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1989, kuma dalilin shi ne ruwansa marar zurfi. In teku ta janye, sai fili mai faɗin gaske na laka da ciyawar ƙarƙashin ruwa ya bayyana, cike da tsutsa da ƙaguwa da dodon koɗi. Wannan abincin ne ke kawo tsuntsaye sama da miliyan biyu duk lokacin hunturun Turai. Wasunsu daga Saiberiya suke tasowa, wasu daga Girinlan, su yada zango a gaɓar Holan da Jamus su yi ƙiba, sannan su miƙo. Tsuntsun da zai zauna a tafin hannunka, ya yi tafiyar dubban kilomita. Ban da su akwai masu gida, kwasakwasa da filamingo da zalɓe iri-iri, da ke yin ƙwai a tsibiran yashi. A tsibirin Tidra, wanda ya fi girma, har barewa akwai. Kifin da ake kamawa a gaɓar ƙasar ma da yawansa a nan yake girma kafin ya fita teku mai zurfi.

Mu ma muna da namu rabon irin waɗannan baƙi, a fadamar Haɗeja da Nguru, wajen Dagona. Wanda ya ga na can ya dawo, na tabbata ba zai sake kallon na Nguru a matsayin nama kawai ba.

Abin da ya sa na shigo maganar dai shi ne kalmar Auta, cewa ina daɗin tafiya in ba kai ke tuƙi ba. Ɗana, tsuntsun nan yana da awoyi kaɗan na cin abinci tsakanin janyewar ruwa da dawowarsa. Duk motar da ta zo ta tashe shi, ta ci masa daga ƙarfin da zai koma gida da shi. Akwai kuma tarin ɓawon koɗi da mutanen da suka zauna wurin dubban shekaru da suka wuce suka bari, tuddai guda, masu binciken tarihi suna karanta rayuwarsu daga ciki. Direban da bai sani ba zai ɗauka tudu ne na gwada mota.

Autan Pantami:
Mama, na ji, kuma ban ce a tashi tsuntsu ba. Amma bakin ruwan fa? Na ga bidiyon motoci suna gudu a kan jiƙaƙƙen yashi, teku a gefe ɗaya, tudun rairayi a gefe ɗaya. Wannan ai hanya ce da kowa ke bi.

Injiniya, Jekadafari:
Hanya ce, kuma tana da tarihi. Kafin a gama kwaltar Nuwakshot zuwa Nuwadibu, mai kimanin kilomita 470, a farkon shekarun 2000, duk mai zuwa babban birnin daga arewa ta nan yake bi. A ratsa hamada har ƙauyen Mamghar a ƙarshen gandun ta kudu, a zauna a jira ruwa ya janye, sannan a kama bakin teku kilomita 150 da wani abu zuwa Nuwakshot. Har manyan motocin kaya.

Amma ka lura da abin da na ce: a zauna a jira. Tekun can sau biyu take cika sau biyu take janyewa a kwana ɗaya, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintuna. Kuma lokacin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kullum yana ja baya da kusan minti 50. Yashin da ke ɗaukar mota shi ne wanda ruwa ya sauka daga kansa bai daɗe ba, ya daddale. Sama da shi busasshe ne mai kafe mota, ƙasa da shi teku ce. Siririn zirin nan kake bi, kuma a wasu wuraren tudun rairayi ya matso har bakin ruwa, babu inda za ka haura ka tsere. In ka shiga a makare, ko taya ta yi faci ka ɓata awa ɗaya, ruwa zai same ka. Igiyar ruwa in ta fara wanke yashin ƙarƙashin taya, mota da kanta take zama, kowace igiya ta ƙara binne ta. Na ga gangar jikin wata mota a gaɓar, rufinta kawai ke waje, tsatsa ta cinye. Direban da ke tare da mu bai ko rage gudu ba, ya ce masu ita sun fita da ransu, shi ke nan.

Wani ƙaramin abu kuma: agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya. In ka sauke jadawalin cikar teku a waya, ka tabbata da wane agogo yake magana.

Ruwan wurin tun da can ba ya wasa da baƙo. A 1816 wani jirgin ruwan Faransa mai suna Méduse, yana kan hanyar San Luwi, ya kafe a kan yashin Argin saboda kyaftin ɗin bai san wurin ba kuma bai saurari waɗanda suka sani ba. Aka ɗora mutum kusan 150 a kan katakan da aka ɗaure, bayan kwana 13 aka tsinci 15 da rai.

Malam, Jahun:
Assalamu alaikum. Injiniya, Allah ya ƙara ilimi. Wannan cika da janyewa da wata take tafiya, don haka mai lissafin kwanan wata na Musulunci ya riga ya sami rabin jadawalin. Wajen tsayuwar wata da wajen 14 zuwa 15, ruwa yakan cika sosai ya kuma janye sosai. Wajen 7 zuwa 8 da 22 zuwa 23, motsin kaɗan ne. Alhaji ya duba wannan kafin ya yanki tikiti.

Sai abin da ya shafi ibada, tunda wurin ruwan daɗi yana da wuya. Kada ka taɓa ruwan shanka don alwala alhali teku tana gabanka. Hadisin Abu Huraira yana cikin Muwaɗɗa: masu tafiya a jirgi suka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa suna ɗaukar ruwa kaɗan, in sun yi alwala da shi za su ji ƙishi. Ya ce musu ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. In kun yi nisa da gaɓa, ruwan da ke hannu na sha ne kawai, to taimama ta halatta, ga rairayi mai tsarki ko'ina. Kasaru kuma kana yi, sai in ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya. Alƙibla a can gabas take, teku tana bayanka, don haka kada ka shimfiɗa darduma dab da ruwa lokacin da yake dawowa. Mutanen ƙasar Malikawa ne irinmu, ƙasar malaman Shinƙiɗi ce, ba za ka ji baƙunta a sahu ba.

Maman Hanan, Tumfure:
Ni tambayata ta gida ce. Alhaji, da Hajiya da yara za ka? In eh, ina za a kwana, ina bayan gida, me za a ci, in yaro ya yi zazzaɓi da dare ina za a nufa? Maza in kuna maganar taya da giya kukan manta da wannan.

Baban Khalifa, Fadaman Mada:
Hajiya, tambayar tana kan hanya. Ni da babban ɗana ne kawai, sai wani aminina. Amma amsar ina son ji, Injiniya.

Injiniya, Jekadafari:
Hajiya ta taɓo inda ya fi muhimmanci. A cikin gandun akwai 'yan ƙauyuka na masunta da ake kira Imragen, irin su Iwik da Mamghar da Arkes. Su kaɗai aka yarda su kama kifi a ciki, kuma da sharaɗi: babu jirgi mai inji. Jiragen katako suke amfani da su masu ƙyalle, iska ke tura su, samfurin da suka gada daga masuntan tsibiran Kanari. A da ma da ƙafa suke shiga ruwa da taru a kafaɗa lokacin da garken kifin mulet ke wucewa, suna bugun ruwa da sanda, dolfin su koro musu kifin zuwa gaɓa. Matansu ke busar da kifin, su fitar da mansa, su sarrafa ƙwansa wanda ake saye da tsada a Turai.

A kusa da wasu ƙauyukan akwai zangon baƙi, manyan hemomi irin nasu da tabarmi da katifu, yawanci ƙungiyoyin matan ƙauyen ke kula da su. Za ka iya kafa naka tantin, amma a inda aka nuna maka, bayan ka biya kuɗin shiga gandun. Ni shawarata ka kama nasu. Tasu hemar an yi ta don iskar wurin, kuma iskar ba ta wasa, takan tashi da yamma ta tumɓuke ƙaramin tanti in turakunsa gajeru ne. Sannan kuɗinka ya shiga hannun mutanen da aka hana su inji don tsuntsun da ka zo kallo ya zauna lafiya. Wannan a wurina haƙƙi ne, ba alfarma ba.

Abinci kifi ne da shinkafa, sai shayi kofi uku a jere, ba a gaggawa da shi. Ku tafi da garinku da ƙuli-ƙuli da dabino da kilishi don hanya. Ruwan sha ku ɗauko daga gari, aƙalla lita biyar ga kowane mutum a kullum, da ƙarin na kwana biyu ko da mota za ta lalace. Kada ku roƙi na ƙauyen, su ma da ƙyar suke samu. Mai kuma a cika a Shami, garin da ke kan kwalta wajen tsakiyar hanya, inda ofishin gandun yake, a ƙara da jarka, don mota a rairayi tana shan mai fiye da yadda ka saba. Sanyi kuwa ku shirya masa kamar na tsakiyar hunturu, ruwan tekun wurin mai sanyi ne, da asuba sai da bargo. Bayan gida na zango ne, ba na otal ba. Takalma da abinci a shigar da su cikin hema da dare saboda dila. Asibiti na sosai sai Nuwakshot ko Nuwadibu, awoyi ne a mota, shi ya sa ban ga dacewar zuwa da ƙananan yara ko mai ciki ko mai ciwon da ke tashi ba zato ba.

Tsibiran kuma da mota ba a zuwa. Jirgin Imragen ake hawa daga Iwik, a fita da cikar ruwa a dawo da cikar ruwa. In iska ta kwanta, ku ma kun kwanta. Kuma ba a sauka a inda tsuntsaye ke ƙwai.

Ɗan Alkaleri:
To kun ji. Wato su sun hana inji, sun hana sauka, sun ce ga inda za ka kwana, kuma baƙo ya bi. Mu a nan mutum zai zo Wikki ya sha lemo ya jefa robar a ruwa, ya miƙa wa gwaggon biri biskit, in ma'aikaci ya yi magana ya ce ai kuɗinsa ya biya. A Yankari ma ba a shiga daji sai da ma'aikacin gandu a mota, amma sai ka ga ana neman a ba shi wani abu don a sauka daga hanya a matsa kusa da giwa. In Alhaji zai je ya ga yadda ake bin doka ya dawo ya faɗa, to na janye rabin ƙorafina. Rabi kawai.

Malama, Yelwa:
Kada mu ɗauka can ɗin aljanna ce, Malam. Su ma suna da nasu. A wajen iyakar gandun manyan jiragen kamun kifi na ƙasashen waje suna aiki, a Nuwadibu akwai masana'antun da ke niƙa kifi su mai da shi abincin dabbobi a fitar waje, Shami kuma ta cika da masu wanke zinariya, kuma masana suna nuna damuwa kan sinadarin da ake amfani da shi kusa da ruwa irin wannan. Abin da ya riƙe wurin har yau shi ne an bar masu wurin a ciki, an ba su abin da za su rasa in ya lalace. Ita ce tambayar da nake so mu yi wa kanmu game da ƙauyukan da ke kewaye da Yankari: manomin da giwa ta shiga gonarsa, me yake samu daga zuwan baƙi?

Ɗan Alkaleri:
Wannan kam Malama sai mu buɗe mata zaure na daban, don ina da abin faɗa da yawa. Ƙanin mahaifina gonarsa tana bakin dajin.

Autan Pantami:
Ni har yanzu ban ga abin da ya hana a je da mota daga gida sannan a ɗauki ɗan jagora a can ba. An haɗa biyun ke nan.

Usta, Bakin Kura:
Ba haramun ba ne, Auta, ana yi. Amma ka lissafa. Kafin motar ta isa ta riga ta ci dubban kilomita, taya ta gaji, ga ta ɗauke da kaya. Sannan ka sa ta a ruwan gishiri. Gishiri yana shiga birki, ya shiga wayoyi, ya kwanta a lungunan ƙarƙashin mota inda hannu ba ya kai. In ba a wanke ta da ruwan daɗi mai ƙarfi nan da nan ba, bayan wata shida za a kawo mini ita tana zubar da tsatsa. Su motocin can, Hilux da Land Cruiser ne yawanci, aikinsu ke nan, masu su sun san abin da ke lalacewa kuma kayan gyaran na hannunsu. In ta mutu a daji, mai ita yana da ɗan'uwan da zai kira. Kai wa za ka kira?

Baban Khalifa, Fadaman Mada:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Ga inda na tsaya. Motar za ta zauna a gida. Za mu bi jirgi zuwa Dakar, mu yi ziyara a Kaulaha, mu hau ta San Luwi da Diyama. A Nuwakshot mu ɗauki mota da direbanta, mu nemi wata motar da za mu jera. In direban ya ga wurin da ya dace ya ba ni sitiyari, na karɓa, in bai ba ni ba, ba zan roƙa ba. Da na so in haɗa da Mauludi, amma yanzu yana faɗowa cikin damina, tsuntsayen ba su gama isowa ba, don haka sai Disamba ko Janairu. Malam, zan kawo maka kwanakin ka duba mini da wata.

Auta, kada ranka ya ɓaci. Usta, in ruwan Gongola ya ja baya, me zai hana mu fita yashin wajen Dindima mu koyi rage iska da fitar da mota a hannunka? Daga nan mu wuce Mainamaji mu kwana a Yankari, Ɗan Alkaleri ya karɓi baƙi.

Malama, Yelwa:
In za ku shiga yashin kogin, ku fara gaida mai unguwar wurin ya nuna muku inda ba a shuka ba. Da rani masu lambu suna bin gaɓar, kuma akwai mashayar shanu.

Usta, Bakin Kura:
Na yarda, amma mota uku kawai, kada a taru a mai da abin biki. Kowa ya zo da shebur ɗinsa da geji. Famfon iska ina da ɗaya, ana bukatar na biyu. Alhaji, ka kawo taka gareji ranar Asabar in gwada giyar taimakon kafin nan.

Autan Pantami:
Yayana yana da famfo, zan karɓo. Usta, tawa ba ta da giyar taimako, taya biyu ke ja. In zo da ita ko in bar ta a Dindima in shiga ta Baba?

Usta, Bakin Kura:
Bar ta a bakin kwalta. Ka taho da katako biyu masu kauri, tsawon hannu, za mu ɗora jak a kai.